Lambun Zamanin Rumfa a Makarantun Rano da Kibiya

Jama'a, yau filin namu na yara ne da malamansu, amma manya su karanta da kyau, don aikin ba ya yiwuwa sai da hannunsu. Zancen shi ne yadda makarantar firamare za ta kafa lambu irin na zamanin da, watau lambun da ba a shuka kome a cikinsa sai abin da kakanninmu su ke nomawa shekara ɗari biyar da suka wuce, a yi aikinsa da irin kayan aikinsu, lambun kuwa ya zama na gari duka. Mun ɗauki ƙasar Rano da Kibiya don misali, sabo da dalilin da za ku ji nan gaba, amma ko wace makaranta mai fili da ruwa tana iya yi.

Inda dabarar ta fito

A Ingila da waɗansu ƙasashen Turai akwai makarantu da gidajen tarihi masu yin irin wannan lambu, don su nuna wa yara yadda mutanensu suka zauna a lokacin da su ke kira Zamanin Tsakiya, watau daga wajen shekara ta 500 zuwa 1500. Suna da abin dubawa a rubuce. Wajen shekara ta 800, zamanin Sarki Shalaman wanda ya mallaki Faransa da Jamus, an rubuta wata doka mai lissafin tsiro kamar 70 da za a riƙa shukawa a gandayen sarki. Har wa yau akwai wani tsohon zane a garin Sen Gal na ƙasar Siwizalan, na wajen shekara ta 820, wanda ya nuna lambu mai fangali 18, ko wane da sunan abin da za a shuka a ciki, kamar albasa da tafarnuwa da kabeji da latas. A cikin lissafin nan biyu babu dankali, babu tumatir, babu masara. Dalili kuwa duk 'yan Amurka ne, jiragen Kolombas kuwa ba su isa can ba sai a 1492.

To, a shekarar nan ta 1492 Muhammadu Rumfa ne Sarkin Kano. Ya hau a 1463, ya rasu a 1499, shi ne kuma ya kafa Kasuwar Kurmi. Ashe mu ma muna da ma'auni mai sauƙi wanda ko ɗan aji uku zai riƙe: duk abin da ba a sayar da shi a Kurmi zamanin Rumfa, ba ya shiga lambun.

Abin da ba ya shiga

In an bi ma'aunin nan, abin da za a fitar zai ba mutane mamaki. Masara da gyaɗa da rogo da dankali da tumatir da kabewa da taba da gwaiba da gwanda, duk daga Amurka suka fito, bayan zamanin Rumfa suka iso mana. Haka barkono da tattasai da attarugu. Mangwaro da dogonyaro 'yan Indiya ne, dogonyaro ma sai zamanin Turawa ya bazu a ƙasar nan. Sunayen waɗansu ma suna tona asirinsu. Ana ganin masara daga Masar ta sami sunanta, sabo da ta hanyar arewa ta shigo, tsofaffi kuma su kan ce gwandar Masar don su bambanta ta da gwandar daji, wadda ita ce tamu ta asali.

Yaro zai tambaya, da me a ke yaji ke nan? Amsa ita ce masoro da kimba da citta mai 'ya'ya, waɗanda fatake su ke kawowa daga kurmi, ga daddawar ɗorawa a gida.

Abin da ya ke shiga

Wajen hatsi akwai gero da maiwa da dawa iri iri, kaura da farafara da takanda mai zaƙi da karan dafi wanda a ke rina jar fata da shi. Akwai acca, akwai kuma tsohuwar jar shinkafa ta fadama. Akwai wake da gurjiya da riɗi da aya. Wajen miya akwai kuɓewa da yakuwa da rama da lalo da karkashi da gauta da yalo. Akwai tumuku da rizga, waɗanda su ne dankalinmu kafin dankali ya zo. Akwai duma na ƙwarya da ludayi, da guna da kankana. Albasa da tafarnuwa da alkama da lalle ta hamada suka zo tun da daɗewa, sabo da haka suna da wuri. Wani matafiyi mutumin Fas, Alhasan al-Wazzan, wanda aka buga littafinsa a Italiya a 1550, ya ambaci Kano da yalwar hatsi da shinkafa da auduga, da lemon da ke fita a duwatsu.

Sa'an nan ga baba, wanda shi ne dalilin da ya sa muka zaɓi Rano. Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta shi a ke wa kirari da Autan Bawo. A labarin da aka gada, sa'ad da aka raba wa garuruwan bakwai aiki, Katsina da Daura su ne Sarakunan Kasuwa, Gobir Sarkin Yaƙi, Kano da Rano kuwa su ne Sarakunan Baba, watau su ke da noman baba da rini. Ƙasar nan ta kudancin Kano ita ce gidan marina, baƙin yadin Kura har Azbin a ke kai shi. Sai a 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da a ke haɗawa a ma'aikata, daga nan noman baba ya yi ta ja da baya a duniya. Yau a tara yara ɗari a Rano ko Rurum ko Kibiya ko Tarai, a ce su nuna ganyen baba, a ga nawa za su iya. Garin Sarkin Baba bai kamata a rasa baba a makarantarsa ba.

Amfanin wannan aiki

Wani zai ce, ina amfanin komawa baya, ga iri na zamani, ga takin kanti, ga injin ban ruwa? Ba mu ce kowa ya bar su ba. Tun da aka gama Dam ɗin Tiga a 1974 noman rani ya canja ƙasar Kadawa da Kura da Bunkure, ba wanda zai yi musun alherin da ya kawo. Amma a tuna da abin da ya faru sau uku. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gyaɗar Arewa, daga nan dalar gyaɗa ba ta koma yadda ta ke ba. A 2016 tsutsar tumatir da manoma su ke kira sharon ta halaka gonakin tumatir a Kano da Kaduna. A wannan shekara kuma aka fara ganin sabuwar tsutsar masara a Nijeriya. Duk wanda ya zuba ƙarfinsa a abu ɗaya ya ji jiki. Ga tsadar taki, ga kuɗin fetur na injin ban ruwa tun da aka janye tallafi a Mayun 2023.

Tsofaffin irin namu sun daɗe suna kokawa da ƙasar nan. Gero ya kan nuna ko damina ta gaza. Gurjiya ta kan ba da amfani a jigawar da gyaɗa za ta ƙi. Wake da gurjiya da baba suna da ƙulli-ƙulli a saiwarsu masu ƙara wa ƙasa ƙarfi. Auduga ta kan sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro, sa'an nan ta rasa abin kamawa ta mutu, sabo da haka tana rage ta a gonar da za a sa dawa baɗi. Iri kuwa abu ne mai rai, in aka bar shi a tulu shekaru ba a shuka ba sai ya mutu. In tsohuwar da ke riƙe da irin karkashi ko tsohon da ke riƙe da karan dafi suka kau, ba wanda ya karɓa, shi ke nan an yi hasara, kuɗi ba ya dawo da shi. Babban aikin lambun makaranta ke nan: ya zama rumbun iri na gari, wanda a ke sabunta shi ko wace shekara.

'Yan kasuwa ma su lura. Riɗi da zoɓorodo, watau furen jar yakuwa, daga Dawanau har ƙasashen waje a ke kai su, zoɓorodo Meksiko, riɗi Japan da Turkiyya da Sin. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta sa wa 2023 suna Shekarar Gero. Ashe da tsohuwar zuma a ke magani.

Yadda za a tsara wurin

A sami fili mai taku 20 tsawo, 20 faɗi, kusa da rijiya ko famfo, inda ruwa ba ya kwanciya, ba kuma ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa ba. In akwai gawo a wurin a bar shi, don da damina ya ke zubar da ganye, bai tare rana, ga shi yana gyara ƙasa.

Shinge shi ne farko, don awaki sun fi fari kashe gonar makaranta. A kira gayya a yi darni na kara, a jera ƙaya daga waje. Gab da faɗuwar damina a kafa rassan dashi a jikin darnin, suna kamawa da sauƙi, a haɗa da lalle, bayan shekara biyu sai a sami shinge mai rai. Kada a sa bini-da-zugu, don baƙo ne, 'ya'yansa kuma dafi ne ga yara. Aguwa tamu ce, amma ƙaronta yana cutar ido, gara a bar ta.

A ja hanya biyu masu gicciye juna, faɗin ko wace taku ɗaya, fili ya rabu huɗu. Kashi na ɗaya na hatsi, a yi shi gicci kamar yadda aka gada, gero da dawa a layi mai tazara, wake a tsakani. Na biyu na kayan miya. Na uku na gurjiya da riɗi da aya da tumuku. Na huɗu na sana'a, watau baba da auduga da karan dafi. Duma a sa shi ya hau darni. Ko wace shekara a juya, abin da ke kashi na ɗaya ya koma na biyu, haka har a kewayo, sai dai baba, shi a kan bar shi ya yi shekara biyu ko uku a wuri ɗaya.

A nan kada a kwaikwayi Turawa ido rufe. Su fangalinsu tudu su ke yi, su kewaye da katako ko saƙar tsumagiya, sabo da ƙasarsu mai sanyi ce da laima, so su ke ruwa ya tsane. Mu da damina kunya mu ke yi, da rani kuwa fangali mai zurfi, wanda waɗansu ke kira kwami, don ya riƙe ruwa. Fangalin yara kada ya wuce ƙafa 6 tsawo, 4 faɗi, yadda yaro zai miƙa hannu ya kai tsakiya ba tare da ya taka shuka ba.

Taki da ruwa

Ba a sa takin kanti ko maganin feshi a wannan lambu. Tun da can manoman kewayen Kano da jakai su ke kwaso taki daga birni, su kuma bar Fulani su kwantar da shanu a gona bayan kaka, shi ya sa su ke noma gona ɗaya ko wace shekara ba ta mutu ba. Yara su haƙa rami mai ƙafa 4 ko ta ina, zurfi ƙafa 3. A shimfiɗa ciyawa da ganye, a bi da kashin awaki ko na kaji, a barbaɗa toka da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi ta maimaitawa har ya cika. A riƙa juyawa bayan ko wane mako uku. Cikin wata uku ya ruɓe. In za a ɗebo juji, a tsince leda da kwalba da tsohon batir tukuna, manya kuma su yi wannan tsintar.

Ban ruwa kuwa da jigo ne. Gwafa biyu a ke kafawa, a gicciya sanda, a ɗaura doguwar gora ko icce a kai, ƙarshe ɗaya da curin laka mai nauyi, ɗayan da igiya da guga. Nauyin lakar shi ke ɗago ruwan, mutum jan guga ƙasa kawai ya ke yi. Kada a bar yara a bakin buɗaɗɗiyar rijiya. A gina ɗan kwatami wanda zurfinsa bai wuce gwiwar babba ba, a riƙa cika shi, a kafa ƙaramin jigo a kai, a ja lambatu zuwa fangula. Da wannan malami zai koyar da darasin nauyi da ma'auni ba tare da allo ba.

Neman iri

Kada a tafi kanti. Ko wane yaro a ba shi aiki ya je wurin kakarsa ko kakansa ya roƙo iri cikin tafin hannu, ya tambayo sunansa, da lokacin shukarsa, da abin da a ke yi da shi. Malami ya buɗe littafi, ya rubuta sunan iri, da unguwar da ya fito, da ranar da aka kawo. A nemi waken kanannado mai yawan harawa da ɗan ila. Baba a tambayi tsofaffin marina da masu saƙa. Acca da rizga sun fi son ruwa mai yawa, a kan same su wajen Saminaka da Jos, a gwada su a fangali ɗaya a gani. Audugar da mu ke nomawa yanzu jinin ta Amurka ce wadda Turawa suka yaɗa a farkon ƙarni na 20. In ba a sami tsohuwar ba a shuka wadda ke akwai, amma a gaya wa yara gaskiyar asalinta.

Kafin shuka a gwada irin. A ƙirga ƙwaya 100, a jera goma goma a kan jiƙaƙƙen buhu, a naɗe, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 7 a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. In ba su kai 70 ba, a ƙara yawan ƙwaya a ko wane rami. Darasin lissafi ke nan, kuma manomi ma zai amfana da shi a gonarsa.

Aikin shekara

Maris da Afrilu, tara iri, da darni, da kai taki. Ƙarshen Mayu zuwa Yuni, in an yi ruwa mai jiƙa ƙasa sosai, a shuka gero, a bi da dawa da baba da kuɓewa da tumuku. Kuɓewa a ba ta ƙafa 2 tsakanin layi, ƙafa 1 tsakanin rami. Auduga kada ta wuce tsakiyar Yuli. A Yuli kuma a sa wake da gurjiya da riɗi da yakuwa. Satumba a yanke gero, Oktoba da Nuwamba a roro wake a tone gurjiya, Nuwamba da Disamba dawa da auduga da zoɓorodo. A Oktoba a yafa irin albasa, a dasa bayan mako 6 ko 7, inci 5 tsakani. Tafarnuwa da alkama a tsakiyar Nuwamba, don alkama sanyin hunturu ta ke so, in aka makara zafin Maris ya kama ta tana fure.

Baba a yanke shi sa'ad da ya fara fure, a shanya. Da kaka a roƙi wani marini ya zo ya haɗa wa yara a cikin babban tulu, da ruwan toka da katsi, a bar shi kwanaki ya tashi. Ranar da yaro ya tsoma farin ƙyalle ya fito da shi kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsa, ba zai manta ba har ya tsufa.

Abin da ya kan kashe gonar makaranta

Gonar makaranta ba sabon abu ba ce a ƙasar nan. An yi ta tun zamanin elementare, an kuma tayar da ita a 1976 lokacin shirin ciyar da ƙasa na mulkin Janar Obasanjo. Abu uku su kan kashe ta. Na farko dogon hutu, wanda ya ke faɗawa a Agusta, daidai lokacin da ciyawa ta fi ƙarfi. Na biyu mai da gona wurin horo, yaro ya yi laifi a miƙa masa fartanya, sai ya tashi yana ganin noma azaba ne. Na uku amfani ya ɓace ba a san inda ya shiga ba, daga nan iyaye su janye 'ya'yansu.

Maganin ukun shi ne lambun ya zama na gari. A kafa kwamiti, a sa hedimasta da mai unguwa da sarkin noma da malamin gona da iyaye biyu, mace da namiji. Ko wane aji a ba shi yankinsa, ko wane yanki a haɗa shi da gida ɗaya na kusa, wanda zai duba shi da hutu tare da yaran unguwar. Aikin yara kada ya wuce sa'a ɗaya, sau biyu a mako, da sanyin safe ko na la'asar, 'yan mata da maza duka. Fartanya a sa maƙeri ya ƙera ƙanana daidai hannunsu.

Da kaka a auna kome da mudu a gaban yara, a rubuta. A raba uku. Kashi ɗaya iri ne, a zaɓi mafi kyau, a bushe shi sarai, wake da gurjiya a cuɗa da toka a zuba a tulu a liƙe baki da laka, gero da dawa a bar su a zangarniyarsu a rataye. Kashi ɗaya a dafa wa yara a ranar da aka gayyaci iyaye. Kashi ɗaya a sayar a ranar kasuwa, kuɗin ya shiga littafi, a sayi igiya da guga da gyaran darni. Duk manomin da ke son iri ya zo ya karɓi mudu ɗaya, da kaka ya mayar da biyu. Akawun da ya iya riƙe littafi, nan ne wurin da zai taimaki garinsu.

To, malamai da iyaye na Rano da Kibiya, abin da a ke bukata ke nan: fili taku 20, da kara, da toka, da tsofaffin da har yanzu su ke riƙe da iri da saninsa. Ukun farko kullum akwai su, na huɗun ne ba ya jira. Wanda ya yi niyya ya fara da littafin iri tun makon nan, ya kuma nemi malamin gona na yankinsa a auna fili tare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana yaran nan, amin.